Wannan Capri ce, ko mai sunan Capri?

Nura Manchesta: Salamu alaikum jama'a. Yau da na tashi daga aiki na tarar da wata jif ruwan ɗorawa a filin da muke ajiye motoci, an jona mata waya tana shan caji. Na zagaya bayanta in ga sunanta, sai ga CAPRI da manyan baƙaƙe. Wallahi sai da na murza ido na sake karantawa. Capri ɗin da na sani ita ce wadda dattawan Turawan nan ke fitowa da ita ran Lahadi in an samu rana: ƙofa biyu, bonet dogo kamar ba zai ƙare ba, in ka zauna a ciki kamar kana kan tabarma don kusancinta da ƙasa. Wannan kuwa ƙofa huɗu, ga tudu, ba salansa, ba ƙara. Ga hoton nan na ɗauko. Tambayata ga masana: me ya sa kamfanonin nan suka tsiri tono sunayen motocin da suka daɗe da mutuwa suna liƙa wa jif-jif na lantarki? Suna ne ya ƙare a duniya?

Sadiq Ɗan Gayu: Ni fa Capri ɗaya na sani, lemon nan da ake saka wa yara a jakar makaranta.

Baba Sale Kakuri: Wa alaikumus salam. Sadiq ba laifinka ba ne, lokacin da aka daina ƙera ta ko auren iyayenka ba a ɗaura ba. Nura ɗana, na buɗe hoton, na kira jikata ta faɗaɗa mini shi, na duba gaba na duba baya. Ban ga Capri ba. Ina saurayi a nan Kaduna akwai wani ɗan boko da ya dawo daga karatu a Ingila da ita, ja. In ya faka a bakin sinima mu samari sai mu kewaye ta muna leƙen sitiyari. Mu da muke da keke ma jin kanmu muke, balle shi. Ford ta fito da ita a 1969, ta tsaya a 1986, an ƙera kusan miliyan biyu. Abin da ya sa aka so ta shi ne ma'aikaci mai albashi zai iya saye, amma in ya hau titi sai ka rantse ɗan sarki ne. Wannan ta hoton kuwa motar kai yara makaranta ce. Ba zagi ba ne, kai yara makaranta aikin lada ne. Amma kama da wane ba ta wane, balle ma nan ko kamar babu.

Abubakar Kolon: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin ma ya fi haka. A garin da nake zaune, Kolon ta Jamus, ake haɗa ta, a tsohuwar masana'antar Ford da ke bakin kogin Rayin, inda Capri ta ƙarshe ta fito a Disambar 1986. Masana'antar ce ta riƙa yin Fiesta, aka tsayar da Fiesta a Yulin 2023, aka zuba dala biliyan biyu aka mayar da wurin na motocin lantarki. Motoci biyu ake yi yanzu, Explorer ta lantarki da wannan Capri da aka bayyana a Yulin 2024. To ga inda gizo ke saƙa: ƙashin bayan motar gaba ɗaya, wato shasi da batir da injin lantarkin, na Volkswagen ne, tsarin da suke kira MEB, wanda ID.4 da ID.5 ke kai. Ford ta yi bodi da kujeru da saitin tuƙi. Kenan jikin Bajamushiya, rigar Ford, sunan kaka.

Bala Makaniki: Kenan in ta iso Panteka, kayan Golf zan nema ko na Ford? Ku gaya mini tun yanzu.

Injiniya Hauwa: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina murmushi, don ni ce mai laifin a zauren nan. Shekara uku kenan ina tuƙa Mustang Mach-E ta lantarki a nan Merilan ta Amurka, kuma ban taɓa jin kunyar tambarin dokin da ke gabanta ba. Malam Abubakar, hujjarka ta aron shasi ba ta tsaya ba. Ka duba asalin Capri ɗin da Baba ke yabo: ƙarƙashinta Cortina ce, motar iyali. Ita kanta Mustang ta 1964, wadda aka fara nunawa a baje kolin duniya na birnin Niyok, Falcon ce aka sauya wa riga. Dabarar kenan tun fil azal, a ɗauki kayan mota mai araha a ɗora mata jiki mai kyau. Da ba a yi haka ba, da ba a sayar da Mustang a kan dala 2,368 ba, da kuma ba ta yi miliyan ɗaya cikin shekara biyu ba. Abin da aka yi jiya aka yaba, yau an yi shi ya zama laifi?

Abubakar Kolon: Hajiya, Cortina da Falcon 'yan gida ne. Wannan daga gidan maƙwabta aka aro.

Injiniya Hauwa: Na yarda da wannan a kan Capri. Tawa dai Ford ce ta yi abarta.

Baba Sale Kakuri: 'Yata Hauwa, ni ban damu da abin da ke ƙarƙashi ba. Mu da muka yi aikin haɗa mota mun san ƙarfe ƙarfe ne. Abin da nake cewa, suna alkawari ne. In ka ce mini Capri, ka yi mini alkawarin mota gajera, mara nauyi, mai ɗan rawar kai, wadda kuɗinta bai fi ƙarfin ma'aikaci ba. Tsohuwar tan ɗaya ce da 'yan kai. Abubakar, wannan nawa take?

Abubakar Kolon: Mai babban batir ta haura tan biyu, Baba.

Baba Sale Kakuri: To kin ji.

Injiniya Hauwa: Na ji Baba. Amma a faɗi ɗaya gefen. Capri mafi ƙarfi da talaka ya saya a shekarun ƙarshe, mai inji 2.8, ƙarfin doki 160 gare ta. Sabuwar mai babban batir 286, mai jan taya huɗu 340, kuma tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa biyar da ɗoriya. In aka jera su a titi, tsohuwar ko ƙurar jikar ba za ta gani ba.

Bala Makaniki: Anti, ai tirela ma ta fi Vespa ƙarfi, amma ba a kai wa budurwa zance da ita.

Sadiq Ɗan Gayu: Oga Bala ka gama magana! A rufe zaure.

Barista Kabiru: Kafin a rufe, bari in sa baki ta fuskar da na sani, don ina ganin ana ta maganar soyayya alhali lissafi ne. Na farko, suna dukiya ce da ake rajista, kuma dukiya ce mai ruɓewa. A dokar Tarayyar Turai da ta Ingila, in ka yi shekara biyar ba ka yi kasuwanci da sunan da ka yi wa rajista ba, wani na iya zuwa ya nemi a soke maka shi. A Amurka shekara uku ta isa a fara ɗauka ka yi watsi da shi. Kamfanoni kan kare kansu da sayar da kayan gyara ko motocin wasan yara masu sunan, amma ba abin da ya kai fito da sabuwar mota ƙarfi.

Na biyu, samo sabon suna yau wahala ce da ba ku zata ba. Dole ya zama ba wanda ya riga ka rajista a ƙasashe da dama, ya zama ba zagi ba ne a wani harshe, ya zama baki na iya furtawa. Mitsubishi ta sha wannan, shi ya sa Pajero ta zama Montero a ƙasashen da ke jin Sifaniyanci. Ku dubi kuma abin da ya sami Alfa Romeo a Afrilun 2024: sun fito da ƙaramar jif suka sa mata Milano, ministan masana'antu na Italiya Adolfo Urso ya ce bai halatta motar da ake haɗawa a Folan ta ɗauki sunan birnin Italiya ba. Cikin 'yan kwanaki suka canza. Ina suka ruga? Tsohon kundi, suka ɗauko Junior, sunan da suka yi amfani da shi tun 1966. Suna na cikin aljihun tebur, lauya ya riga ya tantance shi, jama'a sun riga sun san shi. Wa zai bar wannan ya tafi farauta?

Nura Manchesta: Barista, na fahimci dalilin tono sunan. Abin da ban gane ba, me ya sa kullum sai jif? Puma ma haka, mai ƙofa biyu ce a 1997, a 2019 ta dawo da tudu, yanzu har da ta lantarki. Eclipse ta Mitsubishi haka, ta koma Eclipse Cross. In za a tashi mamaci a tashe shi da kamanninsa mana.

Injiniya Hauwa: Wannan fagena ne. Batirin motar lantarki faifai ne shimfiɗaɗɗe da ake kwantarwa a ƙasan mota tsakanin tayoyin gaba da na baya, don nan ne kaɗai ke da fili, kuma nauyin in yana ƙasa mota ta fi zama daram a kwana. To kaurinsa na ɗaga daɓen motar. Daɓe ya ɗagu, kujera ta ɗagu, dole rufi ya ɗagu ko kan mutum ya bugi sama. Kafin ka ankara mota ta yi tudu. Jikin jif na ɓoye wannan kaurin ba tare da an lura ba, mota gajera kuwa sai an yi mata tsari na musamman, irin na Porsche Taycan da aka rarake batirin aka bar wa na baya wurin sa ƙafa, kuma ka san kuɗin Taycan. Ga kasuwa kuma: a 2023 kusan rabin sabbin motocin da aka sayar a duniya jif ne, kashi 48 cikin ɗari a ƙididdigar hukumar makamashi ta duniya. Batir na da tsada, sai mota mai riba ce ke iya ɗaukar kuɗinsa. Mai ƙofa biyu kowa na yaba ta a hoto, kaɗan ke zaro kuɗi.

Nura, kai da ke Ingila, wace mota ce ta fi kasuwa a can a 2023 da 2024?

Nura Manchesta: Puma ce. Na sani, kar ki ƙara.

Injiniya Hauwa: Sai na ƙara ɗaya. A Amurka a 2024 an sayar da Mach-E 51,745, Mustang mai shan fetur 44,003. Wadda ake cewa ba 'yar halak ba ce ta fi ta gidan kawo cefane.

Abubakar Kolon: Hajiya, kin kawo inda dabarar ta ci, bari in kawo inda ba ta ci ba. A Nuwamban 2024, watanni kaɗan da fitowar Capri, Ford ta sanar da rage ma'aikata 4,000 a Turai, 2,900 daga ciki a nan Jamus, aka kuma rage yawan Explorer da Capri da ake haɗawa saboda masu saye ba su zo yadda aka zata ba. Ban ce sunan ne ya jawo ba, gwamnatin Jamus ta janye tallafin sayen motar lantarki a ƙarshen 2023, kasuwar gaba ɗaya ta yi sanyi. Amma sunan bai cece ta ba. Waɗanda suka san Capri sun ji haushi, waɗanda ba su san ta ba sunan bai gaya musu komai ba. To wa aka yi wa kwalliyar?

Sadiq Ɗan Gayu: Ai tun da na ga Eric Cantona suka ɗauko ya yi tallarta na san tsofaffi ake nema. Mota ta tsufa, ɗan ƙwallo ya tsufa, kulob ɗinsa Man United ma sai tarihi.

Nura Manchesta: Sadiq ka kiyaye ni. Ku da kuke Arsenal har kuna da bakin magana?

Shugaban Zaure: Nura, Sadiq, akwai zauren ƙwallo. A dawo kan mota don Allah.

Maman Walid: Ni ba masaniyar inji ba ce, maigidan ne ya sa ni a zauren nan don in daina tambayarsa, amma wannan gardamar tamu ce ta gida. Ɗana na fari sunan kakansa ya ci. Kakan dogo ne, baƙi, malamin zaure, ba ya son hayaniya. Yaron gajere ne, fari, kuma in yana gida ko maƙwabta sun sani. Ba wanda ya ce a ƙwace sunan don bai yi kama ba. Amma ku lura da abin da muke yi: ba ma kiransa da sunan. Walid muke cewa, wasu su ce Abba, wasu Khalifa. Sunan na nan a takarda, amma baki na jin nauyinsa, don an san mai shi na asali. Abin da na ga ya ɓata wa su Baba rai shi ne rashin wannan alkunyar. Masu Mustang ko ba komai sun ƙara Mach-E a gaba, kamar dai sun ce mai sunan malam. Masu Capri kuwa gatsau suka kira sunan, har suna cewa wai gwarzon ya dawo.

Baba Sale Kakuri: Allah ya yi miki albarka. Abin da na kasa faɗa kenan tun ɗazu.

Injiniya Hauwa: Maman Walid kin burge ni, kuma tarihin ya goyi bayanki. Da farko ma ba Mustang aka nufa ba, wata motar lantarki ce kawai ake yi don cika sharuɗɗan hayaƙi, mai kama da Focus. Bayan Jim Hackett ya karɓi shugabancin kamfanin a 2017 aka ce a sake zane, a ɗauko ruhin Mustang. A farkon 2018 suka yi shelar za su kira ta Mach 1, sunan da masoya ke girmamawa tun 1969. Aka yi musu ca, suka janye. Da aka bayyana ta a Nuwamban 2019 sai ta fito da Mach-E. Shi kansa Bill Ford, tattaɓa kunnen wanda ya kafa kamfanin, an sha fama kafin ya yarda a sa mata dokin.

Kuma ba wannan ne karo na farko da masoya suka tanƙwara kamfanin ba. A 1987 labari ya fita cewa Mustang mai zuwa za ta hau shasin Mazda, mai jan tayar gaba, ba inji mai silinda takwas. Wasiƙu suka yi ta zuba har Ford ta fasa, motar ta fito da sunan Probe, Mustang ta ci gaba da zamanta.

Barista Kabiru: To a nan ne nake ganin bambancin da ba a faɗa ba. Mustang mai silinda takwas na raye, ana ƙera ta yau ɗin nan. Wanda bai son Mach-E sai ya wuce ta ya sayi wadda yake so, uba da ɗa na zaune gida ɗaya. Capri kuwa ba ta da kowa sai sunan. Duk wanda ya yi shekara talatin da takwas yana jiran a dawo da ita, ranar da ya ga wannan jif ɗin ya san an rufe ƙofar. Haushin kenan.

Laouali Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ku duk Ford kuka sani, ku zo ku ga yadda Faransawa sunka yi. Renault ta maido da R5 a 2024, ta lantarki, kuma ba wanda ya yi faɗa, har ita ta ci kyautar motar shekara ta Turai ta 2025. Mi ya sa? Ta da ƙarama ce ta cikin gari, ta yanzu ma ƙarama ce ta cikin gari, in ka hango ta daga nesa ka san ɗiyar wace ce. Sannan sunka maido da R4, wadda mu nan muka sani da katirel, wadda anka fara a 1961 anka ƙera fiye da miliyan takwas. Ita sabuwar ta yi tudu kamar ƙaramar jif, amma nan ma ba a yi hayaniya sosai ba, don katirel tun asali motar aiki ce, ta ɗauki mutum ta ɗauki buhu ta bi hanyar ƙasa. Tudun bai saɓa ma halinta ba. Ni a ganina ba lantarki ne matsala ba, ba tudu ne matsala ba. A duba mi motar take yi ma mutane da can, in sabuwar na yin shi, a ba ta sunan.

Abubakar Kolon: Malam Laouali, haka Opel ta yi da Frontera a 2024, ba wanda ya tanka, don jif ce ta koma jif, duk da ta da Isuzu ce a ƙarƙashi ta yanzu kuma 'yar uwar Citroën. Scout ma da Volkswagen ke shirin tayarwa a Amurka, wadda International Harvester ta yi daga 1961 zuwa 1980, motar daji ce za ta dawo motar daji.

Nura Manchesta: Wanda ya fi ba ni mamaki Lotus ne. Colin Chapman ya gina sunan kamfanin kan rage nauyi, yau kamfanin Geely na Sin na haɗa Lotus Eletre a birnin Wuhan, jif mai tan biyu da rabi. MG ma da aka sani da ƙananan motoci marasa rufi, yanzu ta SAIC ce ta Sin, jif ɗinta cike da titunan nan. Can ba sunan mota ɗaya aka ara ba, gidan gaba ɗaya aka saye da allon ƙofarsa.

Bala Makaniki: Ni wanda ya ɗaure mini kai, an ce akwai Porsche ta lantarki da aka rubuta wa Turbo. Turbo hayaƙin salansa ke juya shi. Motar da ba ta da salansa, me ke juya nata?

Injiniya Hauwa: Babu shi, Malam Bala. Tun 2019 suke rubuta shi a Taycan, wai yana nufin ita ce babba a ɗakin. A nan kam ko ni ba zan kare su ba. Dodge ma ta sa wa Charger ta lantarki lasifika a baya tana kwaikwayon rurin inji.

Bala Makaniki: Inna lillahi. Mota da rikoda.

Ɗanlami Ƙofar Ruwa: Ku kuna ta tarihi, ni bari in gaya muku inda abin zai cije mu. Mu a kasuwa da suna muke aiki. Yaro zai zo da waya a kunne, oga ya ce a ba shi fitilar Explorer. Wacce? Ta Amurka mai kujera layi uku da ke shan fetur, ko ta Jamus ɗin nan da Abubakar ya ce Volkswagen ce a ciki? Suna ɗaya, ko ƙusa ba su haɗa ba. Blazer haka, akwai ta da, akwai ta fetur ta yanzu, akwai ta lantarki. Watan jiya wani ya sa na yi masa odar gilashin gaba na Eclipse daga Legas, kaya suka iso ashe Eclipse Cross yake nufi. Gilashin na nan jingine a shago, na kira shi ya daina ɗagawa. Yau motocin nan suna Turai, amma duk abin da aka hau a can shekara goma sai ya biyo jirgin ruwa ya sauka Kwatano. Shi ya sa yanzu ba na sauraron suna, lambar shasi nake cewa a turo.

Barista Kabiru: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ka ga abin dariyar, kamfanonin da suka guji tsofaffin sunaye su ma ba su tsira ba. Toyota ta sa wa tata bZ4X, suna kamar lambar sirrin banki. Volkswagen ta yi ta ID.3, ID.4, ID.5, a Satumban 2025 ta ce ƙaramar da ke tafe ID. Polo za a kira ta. Marsandi ta gwada EQ kaza EQ kaza, da ta zo kan G ta lantarki a 2024 sai ta bar mata G ɗinta. Mutum na tsoron sabon abu, batir da caji da duk wannan, sai a riƙo hannunsa da sunan da ya sani. Suna linzami ne, su ma sun gano.

Ɗanlami Ƙofar Ruwa: Barista, linzamin a hannun wa? Mu nan ba kamfani ke raɗa wa mota suna ba. Wa ya tambayi Honda kafin a ce Anakonda ko Henesi? Wa ya tambayi Toyota kafin Camry ta zama Masul? Kowace mota mai tudu jif ce a bakinmu, ko Toyota ce ko Lexus, alhali Jeep kamfani guda ne. Mafi daɗi ma Hummer. Su can an rufe ta a 2010, GMC ta dawo da sunan kan wata ƙatuwar motar lantarki mai fiye da tan huɗu, wadda batirinta kaɗai ya kai nauyin ƙaramar mota. Mu nan ka je tasha ka ce Homa, bas ɗin HiAce za a nuna maka, mai cin mutum goma sha takwas zuwa Abuja. Mun riga Ford iya wannan sana'ar.

Sadiq Ɗan Gayu: Wallahi Alhaji gaskiya ne, mu ne asalin ɓarayin suna.

Maman Walid: Da bambanci dai. Mu in mun sa suna ba kuɗi muke nema da shi ba.

Nura Manchesta: Baba, bari in tsokane ka. A ce gobe Fijo ta fito da jif ta lantarki ta rubuta mata 504. Za ka yafe?

Baba Sale Kakuri: Nura kana neman hawan jinina ya tashi da daren nan. Ka san 504 ba mota ba ce a wurinmu. Ta fito a Faransa a 1968, mu muka fara haɗa ta a Kakuri a 1975, kuma Turai ta daɗe da mantawa da ita muna nan muna fitar da ita har bayan shekarar 2000. Gwamna ya hau, amarya ta hau, gawa ta hau, direban tasha ya loda mata mutane da buhuna har bayanta ya kusa taɓa ƙasa ta tashi Kaduna ta kwana Maiduguri. In ta tsaya a daji, Bala ko yaronsa zai kwance kafireta ya busa ya mayar ta tashi.

To ga amsata, kuma za ta ba ka mamaki. In sun yi wadda za ta ɗauki wannan lodin, ta bi wannan hanyar, makanikin bakin titi ya iya taɓa ta, ma'aikaci ya iya saye, su sa mata 504 ko da hasken rana take tafiya. Ni ba fetur nake wa kuka ba, tun da aka cire tallafi a 2023 ma ba na ko son jin warinsa. In kuwa wata mai allon talabijin ce a gaba wadda ramin farko zai fasa mata batir, su nemi lambarsu. Ai suna da 3008 da 5008, su ci gaba da ƙara sifili.

Injiniya Hauwa: Baba, in kun zo Amurka zan ba ku tawa ku zagaya. Ina da yaƙinin za ku sauko kuna murmushi.

Baba Sale Kakuri: Zan hau 'yata, da gwiwar nan tawa ma mai tudun ta fi mini sauƙin shiga. In na sauko zan ce Hauwa motarki ta yi kyau. Sunan ne dai ba za ki ji a bakina ba.

Nura Manchesta: Jama'a ina kwananku. Na haɗu da mai motar yau da safe, wata ma'aikaciyar jinya ce a ɓangarenmu, ba ta fi shekara talatin ba. Ta tsarin wurin aiki ta karɓa, ana cira a albashi. Na ce me ya ja hankalinki, ta ce but ɗin na cin keken jariri da kayan cefane, kuma tana kwana biyar ba ta yi caji ba. Na nuna mata hoton ta 1969 a waya. Ta kalla ta ce kai, wannan kyakkyawa ce, wane kamfani ke yin ta?

Abubakar Kolon: Dala biliyan biyu da Cantona, ga inda aka ƙare.

Injiniya Hauwa: Ta dai saya, Malam Abubakar.

Ɗanlami Ƙofar Ruwa: Ku bar ta ta iso Kwatano. Sadiq ya riga ya yanka mata rago tun jiya, Lemon Yara za a kira ta, ga shi ma launin ya dace.

Bala Makaniki: Nura, in ka sake ganinta don Allah ka durƙusa ka ɗauko mini hoton ƙasanta. Ina so in ga tazarar batirin da titi, da kuma inda ake kafa jak.